Babi na Shida: Azurfa a Ƙarƙashin Fata

Mutanen Damargu sun daɗe da sanin cewa fatar mutum tana iya yin shuɗi. Tun zamanin ayari, raƙuman da ke saukowa daga Abzin da gishirin Bilma da dabino sukan koma da geron wannan yanki, su koma kuma da turkuɗi da rawani ɗan Kura daga ƙasar Kano. Ana rina wannan tufa a marina, sannan a kai wa mabuga su yi ta bugun sa da garin shuni har ya riƙa walƙiya. Shunin da aka buga a kai bai kama zare duka ba, sai ya riƙa zuba a goshin mai rawanin da kumatunsa da yatsunsa, abin da ya sa Turawa suka laƙaba wa Abzinawa sunan shuɗɗan mutane. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi wannan hanya ya sauka a Damargu a watan Janairun 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano. Har yau, wanda ya ga dattijo da shuni a fuska ran kasuwa a Gangara, tsakanin Tanut da Belbeji, ba zai yi masa sannu da jiki ba. Ya san ado ne, kuma ruwa da sabulu za su tafi da shi.

Akwai wani shuɗin da sabulu ba ya taɓawa, domin a cikin fata yake zama, kuma idan ya zauna galibi ya zauna ke nan har ƙarshen rai. Azurfa ce ke kawo shi, likitoci suna kiran sa arjiriya. Ciwo ne da ba kasafai ake ganin sa ba. Likita yana iya yin aiki har ya yi ritaya bai haɗu da mai shi ba. Duk da haka na ware masa babi guda, saboda hanyar da ake bi a gano shi ita ce hanyar da ake bi a gano cututtuka da yawa masu canza launin fata, waɗansunsu masu kisa cikin sa'o'i, kuma saboda yanzu an fara tallar ruwan azurfa a wayoyinmu da sunan magani.

Bari in fara kwantar da hankalin mata da ƴanmata. Zobe da munduwa da awarwaro da sarƙar giciyen Agadas ba su mayar da mutum shuɗi. Azurfa dunƙulalla ba ta ratsa lafiyayyar fata yadda za ta taru a jiki. Baƙin da zobe ke bari a yatsa tsatsar azurfa ce, wadda ke fitowa idan ƙarfen ya haɗu da farar wutar da ke cikin iska da gumi, kore-koren kuwa na jan ƙarfen da aka gauraya ne, kuma duka biyun suna wankuwa. Tsofaffin kayan adon kakanninmu da yawa daga kuɗin Mariya Tereza aka narka su, waɗanda duk aka buga musu shekarar 1780, kowanne mai nauyin kusan giram 28, kashi 83 cikin 100 azurfa, sauran jan ƙarfe. An yi ta sa su shekara da shekaru lafiya lau. Iyakar abin da kayan ado kan yi, shi ma jifa-jifa, shi ne ɗan tabo shuɗi-baƙi a bakin hudar kunne ko ta hanci, inda ƙarfen ya daɗe yana gogar naman da ba fata a kansa.

Maƙerin farfaru shi ne ya fi kusa da haɗarin, ko da yake shi ma nasa ɗan kaɗan ne. Yana ƙera siffar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya narkar da kakin ya zuba azurfa a gurbinsa, sannan ya zauna da magagari yana goga yana kankara. Ɓurɓushin da ke tashi yakan shige ƴan tsagogin yatsu ya maƙale, bayan shekaru ya zama ɗigo-ɗigo masu launin toka waɗanda ba su ciwo ba su ƙaiƙayi. Hayaƙin narki da ƙurar guga kuma sukan shiga ido, su bar duhu a fatar cikin ido, musamman ta ƙasa da wajen kusurwar hanci. An rubuta irin wannan a kan ma'aikatan azurfa da masu wanke hoto a ƙasashe da dama. Maganinsa a yi narki a fili inda iska ke kaɗawa, a rufe hanci da ido lokacin guga, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Wanda jikinsa duka ke rinewa kuwa, kusan kullum haɗiyar azurfar ya yi, ko ya daɗe yana ɗiga ta a hanci ko ido, ko yana shafa ta a gyambo. Kuma a tarihi, likitoci ne suka fi ba mutane ita. A ƙarni na 19 a Turai ana ba masu farfaɗiya naitret ɗin azurfa su sha wata da watanni. Farfaɗiyar ba ta tafi ba, fatarsu ta koma toka. A farkon ƙarni na 20 wani likita a Filadelfiya ta Amurka, Albert Barnes, ya yi arziki da wani ruwan azurfa mai suna Argyrol, wanda aka yi ta ɗigawa a ido da hanci da maƙogwaro, ana kuma yi wa masu ciwon sanyi amfani da shi kafin a samu fenisilin. Ba na so mai karatu ya ɗauka azurfa ba ta taɓa yin amfani ba. Tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su kai tsaye. A 1881 Carl Credé, likitan haihuwa a Leipzig ta Jamus, ya bayyana yadda ɗigon naitret ɗin azurfa a idon jariri sabon haihuwa ya rage ciwon idon da ke makantar da jarirai daga wajen kashi 10 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Idanun da wannan ɗigo ya ceta ba su ƙirguwa. Har yanzu farin man ƙuna da ake shafawa a asibitocinmu, irin su Flamazine, da azurfa a cikinsa. Waɗannan biyun duk a waje ake sa su, na ɗan lokaci, bisa awo. Jikin ɗan Adam ba ya bukatar azurfa kamar yadda yake bukatar ƙarfen jini ko aidin, kuma babu wata cuta da aka tabbatar shan ta yana warkarwa.

Labarin Rosemary Jacobs ya fi kowanne taɓa mini zuciya. Ba'amurkiya ce da aka haifa a 1942. Tana shekara 11 likita ya rubuta mata maganin ɗigawa a hanci mai azurfa saboda yawan mura, ta yi ta amfani da shi kamar yadda aka ce mata. Kafin ta kai shekara 15 fuskarta ta zama toka. Yarinya ce da ba ta yi laifin komai ba, ta bi umarnin likita, ta kuma rayu da wannan fuska ana kallon ta a hanya, ana gudun ta kamar mai cuta mai yaɗuwa. Da ta girma sai ta mai da rayuwarta gargaɗi ga masu shan azurfa. Shi kuwa Paul Karason da kansa yake haɗa ruwan a gida da wayar azurfa da lantarki, yana sha yana shafawa a fuska saboda ciwon fata. A 2008 aka nuna shi a talabijin a Amurka, fuskarsa shuɗiya sosai, hoton ya zaga duniya. Ya rasu a 2013 da ciwon zuciya, yana da shekara 62.

Tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa magungunan azurfa da ake sayarwa ba da takardar likita ba, ba a san su da inganci ko rashin haɗari ba. Wannan bai hana tallar ba, sai dai ta canza riga ta koma ƙarin abinci. Ta kuma iso gare mu. A watan Agustan 2014, bayan Ebola ta shiga Legas, ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a kan masu cutar. Cikin ƴan kwanaki aka janye maganar, domin bai cika sharuɗɗan binciken lafiya na ƙasar ba. A 2020 an sake tallata ruwan azurfa da sunan maganin korona, har jihar Misuri ta kai wani mai wa'azin talabijin, Jim Bakker, ƙara a kotu. Duk lokacin da annoba ta zo, tsoro ya yi yawa, masu wannan kwalba sukan fito.

Lissafin yawan azurfar da ke cikin kwalbar ba wuya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar abin da mutum zai iya haɗiya kullum ba tare da fargaba ba a maikurogiram 5 kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan kasonsa miligiram 0.3 a rana. Kwalbar da aka rubuta mata miligiram 10 a lita, kofi ɗaya nata na kwatan lita yana ɗauke da miligiram 2.5, wato ya ninka iyakar fiye da sau 8. Ruwan da aka haɗa a gida kuwa babu mai awonsa. Tukwanen tace ruwa na yumɓu da ake shafa wa azurfa ba sa cikin wannan magana, don abin da ke fita daga cikinsu ɗan mitsitsi ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har miligiram 0.1 a lita jiki na iya ɗauka.

Idan azurfa ta shiga ciki, tsamin ciki yana narkar da ita, wani kaso ya ratsa hanji ya shiga jini. Hanta tana fitar da mafi yawa ta ruwan matsarmama ya bi bayan gida. Ragowar kuma ta zauna a hanta da saifa da ƙoda da ido da fata. A fata ne rana ke samun ta. Masu shekaru za su tuna fim ɗin hoto da ake wankewa a ɗaki mai duhu: gishirin azurfa ne a jikinsa, haske ya taɓa shi ya yi baƙi. Aikin da ke faruwa a fata ke nan. Haske yana mai da narkakkiyar azurfa ƙarfe, ƙarfen ya haɗu da farar wuta da seleniyom na jiki, ya zama ƴan ƙwayoyi waɗanda ba abin da ke narkar da su. Ƙwayoyin baƙaƙe ne, amma da yake a can ƙasan fata suke, ido yana ganin su shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Azurfar tana kuma zuga fata ta ƙara yin nata baƙin. Shi ya sa fuska da wuya da bayan hannu suke fin duhu, inda riga ta rufe kuma ya fi haske.

Yanzu a ce mutum ya shigo ɗakin likita a Gangara, iyalinsa suna cewa launinsa ya canza. Abin farko da ma'aikacin lafiya zai yi shi ne ya jiƙa auduga da alkol ya goga. In launi ya biyo audugar, shuni ne ko rinin sabon yadi, magana ta ƙare. In bai biyo ba, tambaya ta gaba ita ce mafi gaggawa: wannan mutum yana samun iska kuwa? Leɓe da harshe da farce suna yin shuɗi idan jini ya rasa oksijin, ko don zuciya ko don huhu. Mai irin wannan yana haki, yana gajiya, ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna iskarsa ta yi ƙasa, kuma in an danna fatar launin yakan kau na ɗan lokaci kafin ya dawo. Akwai kuma shuɗin da ke zuwa idan wani sinadari ya ɓata jini ya hana shi ɗaukar iska, kamar maganin dafson, ko naitret ɗin da ke tsiyaya daga kashin dabbobi da taki ya shiga rijiya marar zurfi. Jarirai da ake dama wa madara da irin wannan ruwa su suka fi kamuwa. Jinin da aka ɗiba yakan fito ruwan ƙasa maimakon ja, na'urar yatsa takan tsaya wajen 85 ko an ba da iska. Waɗannan ba a kwana da su. Tanut ko babban asibitin Damagaram za a nufa nan take. Mai arjiriya kuwa yana zaune garau, numfashinsa lafiya, na'ura tana nuna iskarsa cif, in an danna fatar launin bai motsa ba, kuma abin ya ɗauki watanni ko shekaru yana zuwa a hankali.

Littattafan likitanci da yawa sun kwatanta ciwon a kan farar fata, inda shuɗin ke bayyana daga nesa. A baƙar fata abin ya fi ɓuya. Fuska takan dusashe ta yi toka-toka, ta rasa sheƙinta, har a ɗauka wahala ce ko rana. Saboda haka sai a fita da mutum waje cikin hasken rana a duba inda fata ba ta da baƙi sosai: tafin hannu, farin ido da fatar cikinsa, ganɗa, dasashi, da farce. A farce ana neman ɗan farin nan na gindi mai siffar jinjirin wata, wanda azurfa ke mai da shi shuɗi. In an yi ƙunshi, lalle zai rufe shi, sai a duba na ƙafa ko a jira sabon farce ya tsiro. Dasashi ma yana ruɗi, don mutanenmu da yawa an haife su da baƙin dasashi, waɗansu matan Sahel kuma da gangan ake yi musu shi don ado. Siririn layi shuɗi-baƙi a daidai inda dasashi ya haɗu da haƙori yana iya zama na dalma, kuma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da Ƴargalma, babu ma'aikacin lafiya a ƙasar Hausa da ya kamata ya ga wannan layi ya wuce bai tambayi sana'ar gidan da irin kwallin da ake sa wa yara ba.

Daga nan sai hira, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an iya tambayar sa. In aka ce, “Baba, kana shan magani?” zai ce a'a, domin a wurinsa magani shi ne ƙwayar asibiti. Sai an sassauta an ce, “Baba, akwai wani ruwa da aka aiko maka da shi daga birni ko daga waje? Akwai abin da kake ɗigawa a hanci ko a ido? Me kake sa wa wannan gyambon, tun yaushe?” In mace ce, a keɓe ta daga mijinta da surukarta a ce, “Yaya, wane mai kike shafawa?” A roƙi a kawo kwalaben da kwalayen duka a gani da ido.

Amsar takan kai mutum wani wuri dabam da azurfa, kuma haka ya kamata a sa rai. A ƙasashenmu cikin abubuwan da ke yawan baƙanta kumatu da goshi da gefen ido akwai man bilicin mai haidurokwinon. Da farko yana haskaka fata, in an daɗe sai ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƴan ƙuraje, abin da George Findlay da abokan aikinsa suka bayyana a Afirka ta Kudu a 1975. Maganin kulofazimin da ake ba masu kuturta yana mai da fata ja-ja sannan ta yi duhu, kuma yana cikin gajeren tsarin maganin tarin fuka mai taurin kai da Nijar ta fara amfani da shi a 2008 tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam. Wannan launi yakan tafi a hankali bayan an gama magani, kuma bai kamata kowa ya bar shan maganinsa saboda shi ba. Kulorokwin da aka daɗe ana sha yana barin shuɗi a ganɗa da ƙwauri. Largactil na masu taɓin hankali, amiyodaron na zuciya, da minosaikilin duk suna yin irin nasu. In duhun fata ya zo da rama da kasala da jiri da kwaɗayin gishiri, a tuna da cutar Addison, wadda tarin fuka kan jawo idan ya cinye ƴan halittun da ke saman ƙoda. Tana kisa, tana kuma da magani. In ya zo da gudawa da ruɗewa a shekarar yunwa, fatar wuya da hannu tana ɓarewa, felagira ce ta ƙarancin abinci mai gina jiki.

Idan an tace duk waɗannan, hira ta nuna azurfa, tabbaci yana wurin gwajin fata. Ana kashe wurin da allura, a yanki ɗan guntu mai faɗin milimita 4, a sa shi cikin ruwan fomalin. Fomalin yana adana shi, don haka guntun yana iya yin tafiyar da mai shi ba zai iya ba, ya bi mota daga Tanut zuwa Damagaram, ya wuce ɗakin gwaji a Yamai ko asibitin koyarwa na Aminu Kano. A ƙarƙashin maikuroskof ana ganin ƴan ƙwayoyi baƙaƙe masu girma ɗaya, a jere kewaye da jakunkunan da ke yin gumi, da gindin gashi, da bangon ƙananan hanyoyin jini, da zaruruwan da ke ba fata talewa. In aka duhunta bayan madubin aka haska daga gefe, sai su riƙa ƙyalli farare, abin da masu gwaji ke kamantawa da taurari a sama. Tabon bilicin ba haka yake ba: shi dunƙule-dunƙule ne masu ruwan ɗorawa, a lanƙwashe. Manyan cibiyoyi suna da na'urar da ke harba haske a kan ƙwayar ta faɗi sunan ƙarfen da ke ciki. Ana iya auna azurfa a jini ko fitsari, amma wannan yana nuna wanda yake sha yanzu ne ko bai daɗe da bari ba. Wanda ya bari shekaru da suka wuce jininsa yana iya fitowa daidai alhali fatarsa cike take. Likitan ido ma yana iya ganin azurfar da fitilarsa a can cikin gilashin ido.

Arjiriya ita kanta ba ta cika kisa ba, ko da yake an samu waɗanda yawan azurfa ya taɓa musu ƙoda ko jijiyoyi, kuma azurfar tana hana hanji tsotse waɗansu magunguna, irin su tetirasaikilin da maganin maƙoƙo na tairoksin. Nauyinta a zuciya yake da zaman jama'a: aure, kasuwa, sahun masallaci, da bakin mutane da za su ce sammu ne ko kuturta. Magungunan da suka ciro dalma daga jinin yaran Zamfara an gwada irinsu a kan azurfa ba su yi aiki ba. Man bilicin ba ya taɓa ta, sai dai ya ƙara wata cutar a kan wata. Rosemary Jacobs ta yarda an kankare mata fatar fuska, abin da ya rage tokar ya bar ta da dabbare-dabbare. A shekarun baya-bayan nan an samu nasara da wata irin na'urar hasken leza da ke farfasa ƙwayoyin, sai dai tana da zafi da tsada, tana bukatar taka-tsantsan a baƙar fata, kuma launin kan dawo ga wanda ya koma sha.

Abin da ke hannun ma'aikacin lafiya na karkara shi ne ya sa a daina sha ko ɗigawa daga ranar, ya binciki ko akwai wasu a gidan da ke sha daga kwalbar, musamman yara da masu ciki, ya shawarci mai ciwon ya riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu don rana tana ƙara duhun, ya kuma kira iyali ya gaya musu a fili cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin abinci tare ko musabaha, ba a kuma gadon sa. Sannan ya rubuta masa takarda da sunan ciwon da ranar da aka gano shi, ya ce ya riƙa yawo da ita, domin ran da wani ciwon ya kai shi asibitin da ba a san shi ba, kada a ga launinsa a ɗauka zuciyarsa ce ta gaza a bar ainihin abin da ya kawo shi.